Yadda zaka zaɓi garin da zaka yada zango in zaka zaga garuruwan kan tudu na Tuskani da mota

Duk wanda ya ce min zai zo Italiya ya ɗauki motar haya ya zaga Tuskani, tambayar da yake fara yi min ita ce wane gari ya fi kyau ya kama ɗaki. Ni kuma sai in ce masa malam bar batun kyau tukuna, ai duk suna da kyau, shi ya sa ma zaka je. Garin da zaka kwana aikinsa daban, nan zaka ajiye mota, nan zaka dawo a gajiye da daddare, nan zaka nemi abin da zaka ci, kuma daga nan zaka tashi kullum da safe. Na yi kuskuren nan a tafiyata ta farko, na zaɓi masauki saboda hoton taga, na sha wuya ni da iyalina, to bari in jero muku yadda nake yi yanzu tun daga farko.

Mataki na 1: fara rubuta garuruwan da kake so, masauki ya jira

Ɗauki takarda da biro, ko ka buɗe Google Maps ka dinga sa alama. Garuruwan da mutane suka fi zuwa dominsu sun kasu kusan gida biyu, kuma Siena ce a tsakiya. Daga kudu da Siena akwai kwarin da ake kira Val d'Orcia, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2004, nan ne Pienza da San Quirico d'Orcia da Montalcino da Bagno Vignoni suke, Montepulciano na gefensu ta gabas, in ka ƙara gaba ka tsallake kwarin Valdichiana sai Cortona. Daga arewa maso yamma kuma akwai Monteriggioni mai ganuwa, da Colle di Val d'Elsa, da San Gimignano mai dogayen hasumiyoyi (da can an ce 72 ne, yanzu 14 suka rage), sai Volterra can nesa a kan nata tudun ita kaɗai. Tsakanin Siena da Fulorans kuma yankin Chianti ne, su Greve da Castellina da Radda.

Zan bar sunayen yadda suke a allon hanya saboda haka zaka gansu. Fulorans ma a allo Firenze zaka gani, kar ka tsaya neman wani sunan.

In ka gama rubutawa sai ka ja layi ƙarƙashin guda huɗu ko biyar waɗanda in baka gansu ba zaka ji tafiyar bata yi ba. Sauran na lada ne. Gaskiya gari biyu a rana ya isa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, in ka matsa ka yi uku to a rana ta uku duk sun zama iri ɗaya a idonka, coci da dandali da hasumiya, yara kuma sun fara tambayar yaushe za a koma gida.

Mataki na 2: auna tafiya da minti, ka manta da kilomita

Nan ne mu da muka saba da miƙaƙƙen titi muke faɗawa. Mutumin da ya saba Kano zuwa Zariya in ya ga an rubuta kilomita 30 sai ya ce ai nan da nan ne. To San Gimignano zuwa Volterra kusan kilomita 30 ɗin ne amma sai ka ci minti 45, saboda hanyar kwana ce bayan kwana, hawa da gangara, layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, in Allah ya haɗa ka da tarakta ko 'yan keke su goma a jere sai dai ka bi su a hankali har Allah ya kawo wajen wucewa. A irin waɗannan hanyoyin doka ta yarda da gudun 90 a wajen gari amma da wuya ka ga allura ta wuce 60 in kana son matarka ta ci gaba da yi maka magana.

Abin da nake yi shi ne in ɗauki kowane garin da nake tunanin sauka in duba minti nawa ne daga nan zuwa kowane ɗaya cikin biyar ɗin nan da na ja wa layi, in ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da waya ta faɗa saboda tsayawa ɗaukar hoto da ɓatan hanya da neman fakin. Duk garin da ya wuce minti 45 zuwa 50 daga masauki, a wajena ya fita daga da'ira. Misali daga Pienza, San Quirico kilomita 10 ne, Montepulciano kamar 15, Montalcino kamar rabin awa, Siena kusan awa ɗaya. Amma daga Pienza ɗin zuwa San Gimignano ka shirya wa awa ɗaya da rabi ko fiye, Montepulciano zuwa Volterra kuwa kusan awa biyu, ka ga zuwa da dawowa awa huɗu kenan a kan sitiyari domin ka sha gelato, wato askirim ɗinsu, ka ɗauki hoto.

Saboda haka in kwananka bai wuce uku ko huɗu ba, zaɓi ɓangare ɗaya kawai, kudu ko arewa, ka haƙura da ɗayan. In kana da sati guda ko fiye, raba shi biyu, kwana huɗu a kudu uku a arewa, Siena kuma ka ganta ranar da kake ƙaura daga wannan zuwa wancan tunda dole ta nan zaka bi (amma ranar kayanka duk suna but, ka sa motar a fakin na kuɗi mai rufi kuma kar ka bar komai a kan kujera). Masauki uku a sati ɗaya kuwa bana ba kowa shawara, rabin hutun zai tafi a haɗa jaka da karɓar makulli.

Ka kuma duba inda manyan hanyoyi suke. A1 ita ce babbar hanyar kuɗi tsakanin Roma da Fulorans, mafitar Valdichiana da ta Chiusi su ne na yankin Montepulciano. Tsakanin Fulorans da Siena akwai titi mai layi biyu biyu da ba a biyan ko sisi, yana bi ta Poggibonsi da Colle da Monteriggioni. SR2, tsohuwar hanyar Cassia, ita ke sauka daga Siena ta Buonconvento zuwa San Quirico, daga nan SP146 ta balle ta yi Pienza da Montepulciano. Masaukin da yake minti biyar daga ɗaya cikin waɗannan ya fi wanda yake minti ashirin cikin lungu, ko da na lungun ya fi araha.

Mataki na 3: cikin ganuwa, gindin ganuwa, ko gona

Wannan shi ne babban hukuncin, kuma nan zan daɗe.

Garuruwan nan an gina su ne a kan tudu saboda yaƙi, wasu ma tun kafin Siena da Fulorans su fara kai wa juna hari, lungunansu na jaki da doki ne, kamar dai ka ce zaka shiga da mota cikin lungunan tsohon birni. Kwana a cikin ganuwa yana da daɗin da ba a faɗa, wajen ƙarfe shida na yamma motocin 'yan yawon buɗe ido sun kwashe mutanensu, garin ya koma na masu shi, tsofaffi sun fito kan benci, yara na buga ƙwallo a dandali, kai kuma ka fito da silifas ka ci abinci ka koma ɗaki a ƙafa ba tuƙin dare. Amma motarka ba zata kwana kusa da kai ba. A tafiyata ta farko na kama ɗaki can saman wani gari, hoton tagar kamar a kalanda, ban tambayi komai ba. Muka iso da la'asar, fakin yana can ƙasa wajen ganuwa, akwatuna uku, keken jariri, ga Hajiya surukata da ciwon gwiwa. Titin dutse ne shimfiɗaɗɗe mai tudu, tayar akwati tana ta ƙara kamar injin markaɗe, duk wanda ke zaune a bakin shago sai da ya juyo ya kalle mu, kafin mu kai rabi taya ɗaya ta cire, na ɗora akwatin a ka. Hajiya ta zauna a kan matakalar wani gida ta ce "kai yaro, nan ka ce mun zo hutawa?" Da muka isa kuma ɗakin hawa na uku ne babu lifta. Kwana huɗu muka yi, kullum sai mun sauka mun hau, ita dai daga rana ta biyu ta ce mu je mu dawo ta ba mu amanar hotuna.

Gona kuma, wato abin da suke kira agriturismo, gidan manomi ne da aka gyara wa baƙi, kuma a dokarsu sai gonar tana aiki da gaske, zaitun ko alkama ko inabi ko tumaki. Fakin a bakin ƙofa kyauta, fili ga yara, sau da yawa da kicin ɗinka, shiru sai kukan tsuntsu. Matsalarsa ko burodi zaka saya sai ka tada mota, kuma da yawansu ana shiga ne ta strada bianca, wato farar hanya, burji ce ta tsakuwa mai ƙura. Da rana abin sha'awa ce, ga itatuwan saifires a jere gefe da gefe. Da daddare babu fitila ko ɗaya, netwok ya ɗauke, ga aladun daji da barewa suna tsallaka hanya yadda suka ga dama, na taɓa taka birki a kan uwa da 'ya'yanta biyar suna wucewa a layi ko kallona basu yi ba. Kuma wasu kamfanonin haya inshorarsu bata ɗaukar ɓarnar taya da ƙasan mota, karanta takardar kafin ka sa hannu. Wani abu kuma da ya shafe mu, gonaki da yawa a Chianti da Montalcino da Montepulciano sana'arsu giyar inabi ce, har kwalba zasu ajiye maka a ɗaki a matsayin barka da zuwa, in baka son haka nemi gonar zaitun ko ta cuku tun wajen bukin.

Ni abin da na tsaya a kai yanzu shi ne na tsakiya: gida ko ƙaramin otel da yake wajen ganuwa amma tafiyar minti biyar zuwa goma a ƙafa ka shiga gari, da fakin nasa. Ka samu yammacin garin, ka samu motarka a kusa, baka shiga hurumin kamarar tara ba (bayaninta na zuwa a mataki na 4).

Mataki na 4: ZTL, ka san shi kafin ya san ka

Kusan kowane tsohon gari a Italiya yana da yankin da aka hana motocin baƙi shiga, zona a traffico limitato, a taƙaice ZTL. Alamarsa farin da'ira ne mai jan baki, babu shinge babu ɗan sanda, kamara ce kawai a sama take ɗaukar lambar mota. Wani wajen akwai allon lantarki, in ka ga varco attivo to a rufe yake kar ka shiga, in ka ga varco non attivo an buɗe. Mutane da yawa suna fahimtarsa a juye, su ga attivo su ɗauka an ce bismillah. Tarar tana kamawa daga wajen Yuro 80 zuwa sama, kuma kowace shiga da tata, in ka ɓata hanya ka zaga ka sake bi ta ƙarƙashin kamarar to biyu kenan. Kamfanin hayar ma zai cire nasa kuɗin daga katinka na wahalar ba hukuma adireshinka, takardar kuma tana iya zuwa maka bayan watanni, har kusan shekara, lokacin ka manta ma ka je. Ni biyu na ci a rana ɗaya, kuma laifina ne, na bi waya ido rufe na kuma bi bayan wata ƙaramar mota Fiat Panda ina cewa ai tunda ta shiga nima zan shiga, ashe mai gari ne da izininsa.

To yadda wannan ya shafi zaɓen masauki: in ɗakin yana cikin ZTL, mai masaukin yana iya tura lambar motarka ga hukumar gari a baka izinin shiga sauke kaya, amma sai ka tambaya, kuma ka tabbatar ya tura, kuma izinin na garin nan ne kawai, ba ya aiki a gari na gaba. In ka ga yana ta kwana-kwana a amsar, bar wajen.

Launin layin fakin ma ka riƙe. Shuɗi na kuɗi ne, ka nemi injin ka ciri tikiti ka ajiye a gaban gilashi. Fari kyauta ne, amma wani lokaci da iyakar lokaci, sai ka sa disco orario, wani ɗan faifai mai agogo da zaka samu a cikin motar haya, ka juya shi ya nuna lokacin da ka iso. Rawaya na 'yan gari ne da masu buƙata ta musamman, ko leƙe kar ka yi. A Siena da Cortona akwai fakin a ƙasa da matakala mai tafiya da kanta take hawa da kai cikin gari, ga mai tafiya da dattijai wannan ba ƙaramin abu bane.

Mataki na 5: gwada garin da ma'aunin cikinka da sallarka

Gari yana iya yin kyau ya kuma bar ka da yunwa. Gidajen abinci suna buɗewa wajen 12:30 zuwa 2:30 na rana, su rufe, sai kuma 7:30 na dare, tsakanin nan sai dai gelato da biskit. Ƙananan shaguna ma suna rufewa da azahar. Shi ya sa nake duba ko akwai babban kanti irin Coop ko Conad kusa da masaukin, kuma nake son ɗaki mai kicin da firij, ka dafa shinkafarka ko taliya da daddare, ka zo da yajinka daga gida.

Abincin yankin naman alade ya yi masa yawa, dole a faɗa. Prosciutto, salame, finocchiona, pancetta, lardo duk shi ne, cinghiale aladen daji ne, strutto kuma kitsensa ne da ake sawa a wasu burodi da kayan fulawa. Miyar nama ta ragù ma sau da yawa haɗi ce da na alade. Koyi cewa senza maiale, wato banda alade, da senza vino, banda giya. Abin da muke ci hankali kwance: pici all'aglione, taliya ce mai kauri da ake murzawa da hannu da miyar tumatir da tafarnuwa, pappa al pomodoro da panzanella (duka biyun haɗin burodi ne da tumatir), cukun tumaki na Pienza wanda ƙamshinsa ya cika babban titin garin, da ribollita, miyar wake da ganye da burodi, ita dai ka tambaya ko an sa nama. Burodinsu babu gishiri, kar ka ɗauka mantawa aka yi, haka suke yinsa. Naman halal kuwa sai a garuruwan da ma'aikata baƙi suke zaune, irin su Siena da Poggibonsi da Arezzo, a ƙauyen kan tudu mai mutum dubu biyu kar ka sa rai.

Batun Juma'a, a Colle di Val d'Elsa akwai masallaci ginanne da aka buɗe a 2013, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan irinsa a duk Italiya, sauran wurare yawanci ɗakunan salla ne a manyan garuruwa. In Juma'a zata same ka a tafiyar, tsara ta yadda ranar kana ɓangaren arewa. Kuma ka tuna a watan Yuni rana bata faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, wannan yana taimakon mai tuƙi amma yana kai isha can dare.

Ka tambayi ranar kasuwa ma, Siena Laraba, Montepulciano Alhamis, Cortona da Volterra Asabar. Ranar kasuwa akwai kayan lambu da araha, amma wani babban fakin ɗin shi ne filin kasuwar, in ka bar mota a nan daren jajibiri da safe sai ka tarar an ja ta.

Mataki na 6: ga yadda nake ganin garuruwan ɗaya bayan ɗaya

San Quirico d'Orcia ita ce zaɓina a kudu. Bata da suna kamar maƙwabtanta shi ya sa bata cika ba, kusan a shimfiɗe take, tana daidai mahaɗar SR2 da SP146, Pienza na gabas, Montalcino na yamma, Bagno Vignoni mai tafkin ruwan zafi a tsakiyar dandali minti goma ne. Pienza ma a shimfiɗe take kuma ƙarama, Fafaroma Pius na biyu ne ya sa aka sake gina ƙauyensu daga 1459 ya raɗa mata sunansa, da rana cike take maƙil, da yamma ta yi shiru, kuɗin ɗaki ya fi na San Quirico. Montepulciano ta fi su girma da gidajen abinci kuma tana kusa da A1 da Cortona, amma tana sama da mita 600 kuma babban titinta hawa ne tun daga ƙofa har dandali, sai mai ƙafa. Montalcino ta ɗan koma gefe, kuma rayuwar garin duk a kan giyar Brunello take, ni yini ɗaya ya ishe ni. Buonconvento a kwari take ba tudu, da ganuwarta da tashar jirgin ƙasa, tana kan SR2 tsakanin Siena da Val d'Orcia, ga mai son masauki ɗaya tak ya taɓa ko'ina ita zan nuna masa, sai dai babu kallon kwari daga taga kuma da zafi a bazara.

A arewa Colle di Val d'Elsa nake sauka. Garin aiki ne, an san shi da sana'ar gilashin kiristal, yana da tsohon gari a sama da sabo a ƙasa, manyan kantuna, masallaci, titin Siena da Fulorans a bakinsa, San Gimignano kamar minti 20 zuwa 25, Monteriggioni kusa, hanyar Volterra ma daga nan take tashi. San Gimignano kanta ka je mata da sassafe ko bayan la'asar, tsakar rana ba wajen sa ƙafa. Volterra ina sonta sosai, da ƙofarta ta zamanin Etruskawa, mutanen da suka riga Romawa zama a yankin, da masu sassaƙa farin dutsen alabasta, amma ta yi nisa da kowa, duk inda zaka je daga can sai ka sha kwana. Cortona tana can gabas, ta dace da wanda yake son haɗawa da yankin Umbria mai maƙwabtaka da Tuskani da tafkin Trasimeno.

Siena birni ce, ta cancanci kwana biyu ita kaɗai, amma shiga da fita da mota kullum da kuɗin fakin zai gajiyar da kai. In tafiyarka ta faɗo 2 ga Yuli ko 16 ga Agusta, ranakun Palio kenan, sukuwar dawaki da unguwannin garin suke yi a dandalin Campo, unguwa 17 ne goma ke fitowa a kowace sukuwa, zagaye uku ba sirdi, duk wanda ya taso yana kallon hawan salla zai so ya gani, amma ɗaki a satin sai wanda ya kama tun da wuri. Fulorans kuwa kar ka kuskura ka mai da ita masaukin mai mota. Ka gama da ita a ƙafa, ranar fita ka karɓi motar.

Mataki na 7: motar ta dace da masaukin

Ɗauki ƙaramar mota, iya wadda zata ɗauki mutanenka da kayanka. Yawancin motocin haya a nan masu giyar hannu ne, otomatik ta fi tsada kuma tana ƙarewa da wuri, in ka san tashi a kan tudu da kulochi da hambirki yana baka wahala to biya kuɗin ka huta, na ji ƙaurin kulochi a hawan Montepulciano har na ɗauka wani ne yake ƙona shara ashe ni ne. Ka zo da lasisinka haɗe da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da katin kiredit mai sunan direba saboda kuɗin ajiya. A gidan mai benzina fetur ne, gasolio kuma man gas, famfon da aka rubuta servito ma'aikaci ne zai zuba maka kuma ya fi tsada, self ko fai da te kai zaka zuba. A A1 kar ka shiga layin rawaya na Telepass (na masu na'urar biya a mota ne), bi na biglietto ka ciri tikiti ka biya a mafita. A wajen gari doka ce ka kunna fitila ko da rana. In tsakanin 15 ga Nuwamba da 15 ga Afrilu zaka zo, hanyoyi da yawa suna buƙatar tayar sanyi ko sarƙa a but, ka tambayi kamfanin. Lambar gaggawa 112.

Mataki na 8: kafin ka biya, tura saƙo

Lokacin zuwa ma yana canza lissafi. Afrilu da Mayu tuddan kore ne shar, ƙarshen Yuni alkama ta nuna an fara girbi komai ya koma ruwan zinare, Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 35 ga cunkoso musamman wajen 15 ga Agusta da duk ƙasar take hutu, Satumba da Oktoba sun fi sauƙi. Tsofaffin gidajen dutse da yawa basu da na'urar sanyaya ɗaki, kuma a tsakiyar bazara wasu gonakin basa ba da haya sai ta sati guda, Asabar zuwa Asabar. Da sanyi kuma wasu rufewa suke yi gaba ɗaya.

Buɗe Street View, wato hotunan titi na Google Maps, ka bi hanyar tun daga kwalta har ƙofar gidan, in hoton ya tsaya a wani waje ka san daga nan burji ce. Karanta sharhin waɗanda suka ba wajen maki kaɗan, su ne suke faɗin gaskiyar fakin da matakala. Sannan ka rubuta wa mai gidan, da Turanci mai sauƙi ko ka sa waya ta juya maka zuwa Italiyanci, ka tambaye shi: fakin na gidan ne ko na gari, mita nawa ne daga ƙofa, nawa ne a rana? Gidan yana cikin ZTL, in eh wa zai tura lambar mota? Akwai hanyar tsakuwa, tsawonta nawa? Hawa na nawa ne, akwai lifta? Akwai na'urar sanyi, akwai ragar sauro a taga? Kanti mafi kusa minti nawa? Ƙarfe nawa kuke daina karɓar baƙi? Wannan ta ƙarshen da muhimmanci, gidajen gona ba otel bane mai mutum a kanta dare da rana, wasu ƙarfe bakwai ko takwas sun rufe. Ka tanadi 'yan canji kuma saboda tassa di soggiorno, harajin kwana ne na 'yan Yuro kaɗan kan kowane mutum a kowane dare, sau da yawa a hannu ake karɓa baya cikin kuɗin da ka biya a intanet.

In biza kake nema daga gida, kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta har sai fasfo ya dawo hannunka. Sauke taswirar yankin a waya ta yadda zata yi aiki ba data. Ranar isowa kuma lissafa yadda zaka kai masaukin da sauran rana, daga filin jirgin Roma zuwa yankin Montepulciano ka ware awa biyu da rabi bayan ka gama layin karɓar mota, in jirginka da yamma zai sauka to kwana kusa da filin jirgin, ka kama hanya da safe.